Sharhi: Kyautar zane-zane ga jami'o'i da giɓin tarihin Hausawan Kudu maso Gabas

A shekarar 2019 Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas ta buɗe gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon, bayan attajirin ya ba ta kyautar ayyuka kimanin 1,000 daga cikin tarin da ya shafe shekaru yana saye. Abin lura shi ne kyautar ta zo tare da kuɗin gini da na kulawa. A nan ne masu kyauta da dama ke yin tuntuɓe, domin kayan da ba a rubuta sunayensu a kundi ba, ba a kuma ɗauki mai kula da su ba, a akwati suke ƙarewa.

Zanen da ake bugawa a takarda daga allon katako ko ƙarfe da aka sassaƙa, irin wanda Bruce Onobrakpeya ya shahara da shi, ya fi dacewa da aji. Allo guda na fitar da kwafi masu yawa, don haka malami zai iya shimfiɗa guda a tebur, ɗalibai su duba sawun wuƙa da kaurin tawada da idonsu. Sai dai takarda ba ta shiri da hasken rana da danshi, alhali danshi ba baƙo ba ne a Fatakwal da Onica.

Dangantakar Arewa da yankin a wannan fanni tsohuwa ce. Marigayi Uche Okeke ya tashi a Kafanchan, ya yi karatu a Zariya tare da Onobrakpeya, daga baya ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya kuma tara ayyuka a cibiyarsa ta Asele da ke Nimo a Jihar Anambra.

Inda giɓi yake shi ne unguwannin Hausawa. Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma fataken shanu da na goro sun daɗe a Onica da Fatakwal. Hotunansu, wasiƙunsu na ajami da kalandun ƙungiyoyinsu, waɗanda suka tsira daga rikicin 1966 da yaƙin basasa, galibi suna hannun iyalai, inda gara ke cinye su sannu a hankali.

Gidan Arewa da ke Kaduna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya daɗe yana karɓar takardun magabata domin masu bincike. Jami'o'in Nsukka da Fatakwal na iya bin sahunsa, in har suka tuntuɓi sarakunan Hausawan garuruwan, suka kuma rubuta yarjejeniyar da za ta bai wa iyalai kwafi da damar ganin kayansu duk lokacin da suka so.