Tsohon Ɗan Wasa da Usur a Baki



Daren 11 ga Fabrairun 2024, masu kallon ƙwallo a Wambai da sauran unguwannin Suleja sun koma gida jiki a sanyaye, bayan Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Wanda ya busa wasan, Dahane Beida, ɗan Muritaniya ne. Mu kuwa, duk yawanmu, ko alƙalin wasa ɗaya ba a ɗauka daga ƙasarmu ba a gasar.

A wannan daren dai, a birnin Las Vegas na Amurka, wani mutum mai suna Terry Killens ya shiga fili da rigar alƙalanci a wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, wadda ake runguma a ruga da ita. Ba baƙon wurin ba ne. A Janairun 2000 ya buga irin wannan wasa a ƙungiyar Tennessee Titans, aka cinye su 23 da 16. Shi ne mutum na farko da ya buga Super Bowl, ya kuma dawo ya yi alƙalancinsa.

Sunansa bai sa an ɗaga masa ƙafa ba. Da ya ajiye wasa, daga ƙasa ya faro: wasannin 'yan sakandare, sannan na jami'o'i, sai a 2019 babbar gasar NFL ta ɗauke shi. Aikinsa shi ne sa ido inda ƙarti ke gwabzawa, ya ga wanda ya cakumi rigar wani. Wanda ya sha wannan turmutsutsu da jikinsa ya san inda hannu ke ɓuya.

To, a nan gida fa? Ku leƙa filin unguwa da la'asar. Ga tsohon ɗan wasa can a gefe kan benci, gwiwa ta gaji, amma tun kafin mai tsaron baya ya kai ƙafa ya gane ƙeta zai yi. An bar usur a hannun yaron da aka lallaɓa, wanda idan ya ba da fenareti sai ya nemi hanyar gudu. Kowa koci yake so ya zama, domin an ga yadda ake zagin alƙali har iyayensa. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Muna kira ga ƙungiyar alƙalan wasa ta Jihar Neja ta kawo horo Suleja musamman don tsofaffin 'yan wasa, a koya musu dokokin ƙwallon ƙafa 17, su ci jarrabawa da gwajin gudu. Masu shirya gasar unguwanni kuma su ware kuɗin alƙali da masu tsaronsa tun kafin su sayi kofi.