BAƘIN HUNTURU A TAFKIN NGURU

Ko wace shekara, da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara busowa, akwai waɗansu baƙi da su kan sauka ƙasarmu dubbai bisa dubbai, ba fasfo, ba takardar izni, ba kuwa wanda ya fita taryensu. Masaukinsu shi ne fadamun nan da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are su ke bazuwa tsakanin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Baƙin nan tsuntsaye ne. Waɗansu daga Turai su ke fitowa, waɗansu daga can ƙasar Rasha, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, hamadar da faɗinta ya kai mil 1,000, su zo su yi watanni biyar ko shida tare da mu. Mutane sun sha tasowa daga ƙasashe masu nisa, su kashe kuɗi mai yawa don su gan su. Mu kuwa da abin ya ke a ƙofar gidanmu, in aka tara malaman makaranta ɗari daga Kano ko Katagum aka tambaye su wa ya taɓa zuwa, da ƙyar a sami hannu biyar a sama.

Ra'ayinmu shi ne, wannan sakaci ne, kuma gyaransa yana hannun malaman makaranta da akawunan ofis, don su ne masu alli da alƙalami. Ya kamata ziyarar wuraren nan ta shiga tsarin shekarar ko wace makaranta da ke kusa, kamar yadda wasannin tsalle-tsalle da guje-guje suka shiga. Mun san za a ce babban mutum da gemunsa ya tafi bakin tafki kallon tsuntsu, ai wannan aikin marar aikin yi ne. To, a yi haƙuri a ji dalili tukuna.

Da fari dai, abin kallon kansa ya isa a yi masa tafiya. Wanda ya isa bakin Tafkin Nguru da asuba cikin watan Janairu, hazo bai gama washewa ba, kukan kirinjijiya zai fara ji tun bai ga kome ba, suna tashi garke-garke suna fito. In gari ya waye sosai sai ya ga dinya suna kiwo a gefen ruwa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, balbela ta rufe bayan shanu, zakaran ƙeƙuwa yana ta tsegumi ga duk wanda ya matso. Waɗannan duk 'yan gida ne. Cikinsu ne za a ga baƙin, watau ƙananan agwagin ruwa masu farar gira, da waɗansu masu dogon wutsiya mai tsini, da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke tashi wuri ɗaya kamar hayaƙi, su juya gaba ɗaya kamar an ba su umurni. Masana sun ƙidaya irin tsuntsu fiye da 300 a fadamun nan. Yaron da iyakar saninsa tsada da kurciya da ungulu, a wuni ɗaya sai ya ga abin da littafin aji ba zai nuna masa ba cikin shekara.

Sa'an nan akwai ilmin da ke bayan kallon. Shekaru aru-aru Turawa ba su san inda tsuntsayensu su ke tafiya da sanyi ba. Har akwai malamansu da suka rubuta wai tsattsewa ta kan nutsa cikin laka ta yi barci sai bazara. A shekarar 1822, kusa da wani gari Klütz a ƙasar Jamus, aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, sai ga mashi na mutanen Afirka soke a wuyansa, da shi ya yi tafiyar duka. Har yanzu yana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Wanda ya fito da dabarar da ta warware al'amarin kuwa malamin makaranta ne, Hans Christian Mortensen na ƙasar Denmark. A 1899 ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zobe a ƙafa mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinta ya aiko da labari. Da irin zobban nan aka gane hanyoyinsu, har yau kuma ana yi. Malami ne fa kamarku, mai aji da rajista, ya yi wannan a lokacin hutunsa.

Mu ma muna da namu matafiyin. Shamuwa, wadda manomi ke ganin zuwanta ya fara gyaran gona, ba a iske ta da hunturu, don ta yi kudu can bayan tsakiyar duniya. Wannan ta tafi, waɗancan sun zo. Malamin da ya iya sa yara su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa da ranar da suka daina, shekara bisa shekara, ya koya musu labarin ƙasa da lissafi da kiyaye abu a lokaci ɗaya, bai kuwa sayi kome ba sai littafin rubutu da fensir.

Akwai kuma abin da ya faru a 1969 da ya kamata a sani. A bazarar shekarar, masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi, fiye da rabinsu ba su komo ba. Da aka bi sawu sai aka gane ƙarancin ruwan sama a ƙasashenmu na bakin hamada ne ya kashe su. Farin nan shi ne ya yi ta tsananta har ya kai ga bala'in 1973, wanda dattawanmu ba su manta ba. Watau tsuntsu ya ba da labari tun kafin ofisoshi su farga.

To, ga maganar da ta fi nauyi. Manomin Guri ko na Kiri Kasamma zai ce, "Ku da ke son tsuntsu, ku zo ku ga abin da jan-baki ya yi wa gerona da shinkafata." Gaskiyarsa. Jan-baki annoba ce, garke ɗaya ya kan share gona kafin azahar, kuma duk mai sha'awar tsuntsaye da ya raina wannan kuka bai san yunwa ba. Amma a tambaya, a ina jan-bakin nan ke kwana, a ina ya ke sheƙa? A cikin kacalla. Ita kuwa kacalla me ya yawaita ta haka?

A dā ruwa ya kan zo fadamun nan da ƙarfi cikin Agusta da Satumba, ya share hanyoyinsa, ya malale ƙasa, sa'an nan ya janye da rani ƙasa ta bushe. Da wannan cika da janyewa manomi ke samun shinkafa, in ruwa ya ja baya ya shuka wake da sauran kayan rani, masunta su kama kifi, Fulani su sami ciyawa lokacin da ko ina ya bushe, rijiyoyi kuma su cika ta ƙarƙashin ƙasa har garuruwa masu nisa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sake. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuwa ya zama ba ya yankewa. Kacalla ba abin da ta ke so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Sai ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, hanyoyi suka toshe. Ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya taru wajen Nguru ya cinye gonaki, alhali waɗansu ƙauyukan da ke ƙasa suna kukan ba ya isa gare su. Kwalekwale ya rasa hanya, mai koma ya rasa wurin jefawa, agwagin ruwa suka rasa sarari, jan-baki kaɗai ya sami gida. Ashe abin da ya cuci manomi shi ne ya cuci tsuntsun da a ke zuwa kallo.

Ba mu ce a rushe madatsa ba. Kano na shan ruwanta, Kadawa da Kura na noma da ita. Amma tun 1993 aka buga binciken masana, cikinsu har da Edward Barbier, waɗanda suka auna amfanin da a ke samu a fadamun nan ta noma da su da itacen wuta, suka gwada da na noman rani da a ke yi a sama, suka iske ko wane ma'aunin ruwa ya fi kawo amfani in an bar shi ya isa fadama. Ba su ma sa kiwo da ruwan rijiya cikin lissafin kuɗin ba. Abin da a ke bukata shi ne a riƙa sakin ruwa bisa tsari mai kama da na dā, a kuma riƙa yashe magudanai. Wannan shawara kuwa a ofis a ke yanke ta, bisa takardun da akawu ya rubuta. Akawun da bai taɓa ganin Marma da idonsa ba, in takardar ƙorafi ta zo daga can, sai ya sa ta cikin fayil ya ɗaure da igiya. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya ga yadda mai tuƙi ke fama da kacallar da ta fi shi tsawo, hannunsa ba zai yi saurin ɗaurewa ba. Gani ya kori ji.

Ta wajen doka da suna, ba a bar wuraren nan a baya ba. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona kusa da Gashuwa takanas don tsuntsayen nan. A 1991 Dagona ta shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma, fili mai hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971, shi ne kuwa na farko a Nijeriya. A 2008 Dagona da Baturiya suka bi baya. Duk wannan madalla. Amma allo da aka kafa a bakin hanya bai taɓa hana kowa zuba guba a ruwa ba, bai kuwa dawo da gauraka ba, wadda kakanninmu suka saba gani garke-garke, yau kuwa sai mutum ya yi shekaru bai ji kukanta ba. Muddin mutanen wurin na ganin gandun a matsayin abin da aka keɓe don manyan baƙi, su kuwa sai hani da tara, to, mai gadi ko nawa aka sa ba zai isa ba.

Shi ya sa yadda za a yi ziyarar ma abin lura ne. Lokacinta daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin baƙin su fara tara kitsen komawa cikin Maris. A fara tambayar hukuma halin da hanya ke ciki, a sanar da ma'aikatan gandu, a kuma gai da mai gari kafin a sauka bakin ruwa. A kwana kusa don a fita da asuba, domin da rana ta take kallo ya ƙare. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya isa yara goma in an koya musu haƙuri. A bar danƙon harbi a gida, a rage surutu, kada a kori garke don a ga tashinsa, gama ko wane tashi yana cin ƙarfin da tsuntsu ke tarawa don hamada. Kada kuma a bar yara su shiga ruwa wanka, saboda tsargiya.

Abin da muka fi so a kula da shi shi ne mai kwalekwale. A biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba, a sayi kifi da tabarmar kaba a garin, don mutane su ga baƙon da ya zo kallo yana barin wani abu a hannunsu. Sa'an nan a zaunar da shi a matsayin malami. Masuntan Bade da na Haɗejiya sun san ko wane tsuntsu da sunansa, da watan zuwansa, da abin da ya ke ci, da Hausa da Badanci da Barbarci, kuma yawancin sunayen nan ba a rubuce su ke a hannun yaranmu ba. In tsofaffin nan suka shuɗe, da sunayen za su tafi. Ɗalibin aji shida zai iya cika littafi guda da su a tafiya biyu.

Ko wace shekara a tsakiyar Janairu a kan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya da yawa lokaci ɗaya, aikin da aka fara tun 1967, kuma fadamun nan na cikin wuraren da aka sha ƙidayawa. Masu aikin kullum suna neman ƙarin idanu. Akwai kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis kusa da Jos, inda 'ya'yan ƙasar nan ke yin digiri a kan wannan ilmi. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar fadamu ta duniya, tana kuwa faɗowa daidai lokacin da tafki ke cike da baƙi. Hedimasta da ke Nguru ko Gashuwa ko Haɗejiya, in ya rubuta wa sashen ilmi na ƙaramar hukumarsa tun watan Nuwamba yana neman mota ɗaya da kuɗin mai na wuni ɗaya, muna roƙon akawun da takardar ta faɗo hannunsa ya kai ta gaban mai sa hannu a makon da ta iso.