Sharhi: Gyaran ƙwayar halitta da masu sikila a Dei-Dei

Akwai jariran da ake haifa babu garkuwar jiki, saboda tangarɗa a ƙwayar halitta guda da suka gada daga iyaye. Gudawa ko tarin da sauran yara ke warkewa cikin kwanaki, su kan yi ajalinsu tun kafin yaye. Mafi tsananin wannan larura likitoci na kiranta SCID.

A 1990 aka fara gwada gyara ta daga tushe a Amurka, a jikin wata yarinya 'yar shekara huɗu. A yau ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon majiyyaci masu haifar da jini, a cusa musu lafiyayyar ƙwayar halitta ta hanyar wani bairos da aka raba da dafinsa, a share musu wuri a ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar. Hanyar ta sha tuntuɓe: a Faransa wasu yaran sun samu garkuwa amma sankarar jini ta kama su, sai da aka sake fasalin aikin. A 2016 Turai ta amince da irin wannan magani mai suna Strimvelis.

Nan ne zancen ya iso unguwanni irin Dei-Dei a Abuja, inda iyaye ke kwana tsaye kan yaron da ciwon ƙashi na sikila ya murɗe. Sikila ma cutar gado ce, kuma tana lalata saifa, abin da ke raunana garkuwar yaro. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta na masu sikila, wanda ke farfaɗo da irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, domin ya maye gurbin mai siffar lauje. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da makonnin jinya a keɓe. Abin takaici ne ƙwarai, ganin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar.

A gida kuwa, an yi dashen ɓargo na farko a ƙasar nan a birnin Benin a 2011, kuma Jami'ar Abuja na da cibiyar binciken sikila. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ya kamata hukumomin Abuja su wadata asibitocin unguwa da gwajin jarirai, fenisilin da hydroxyurea, iyaye kuma su nemi sakamakon gwajin jini kafin a sa rana.