Ragon Layya da Mai Ciwon Ƙoda

Duk shekara in Sallar Layya ta zo, daga Tsibirin Gobir har Jiratawa, kwanon nama ke sada zumunci, wanda ya ƙi ci kuwa a ce girman kai gare shi. Amma mai ciwon ƙoda, wannan kara tana iya kwantar da shi.

Likitoci ba su haramta masa naman rago ba, awo suka ce a yi. Mai nauyin kilo 60 da bai fara wankin ƙoda ba, kimanin giram 48 na sinadarin gina jiki ya ishe shi a yini, alhali giram 100 na gasasshen nama kaɗai yana ɗauke da kusan 25. Gishiri kuma kada ya kai giram 5. Ke nan kilishi da balangu mai yaji da dunƙulen magi sai haƙuri.

Saboda haka maigida ya ware wa majinyaci 'yar tsoka, a dafa ba magi, a daina tilasta masa ƙari. Hukumomin Maraɗi kuwa su rage kuɗin awon jini a asibitocin karkara, domin ciwon ƙoda ba ya sallama, kuma awo ya fi wankin ƙoda araha nesa ba kusa ba.