Wa Ya Ba Baƙaƙen Amurka Ƙuri'a?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu ba da labarin Amurka, wai Shugaba Kennedy da Shugaba Johnson su ne suka dubi baƙaƙen fata na ƙasarsu da idon rahama, suka ba su ikon jefa ƙuri'a tsakanin 1961 da 1965. Wannan magana ba mu yarda da ita ba, ba mu kuma so mai karatu ya haɗiye ta bai tauna ba. Gama wanda ya riƙe maka hakkinka shekara 95, sa'an nan ya sake shi don ka murɗe masa hannu, ba kyauta ya yi maka ba.

Tun 1870 aka rubuta cikin tsarin mulkin Amurka cewa ba za a hana ɗan ƙasa zaɓe saboda launin fatarsa ba. Amma jihohin Kudu, inda aka yi bauta, suka nemo dabara. Suka ce su ba launi su ke dubawa ba, ilmi su ke dubawa, sai mutum ya ci jarrabawar karatu kafin a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci, kun san wuyar da babba ke sha kafin hannunsa ya saba da fensir, don haka ku ne za ku fi gane mugun nufin da ke cikin wannan. A jihar Misisipi, akawun rajista zai buɗe tsarin mulkin jihar, mai sashe 285, ya zaɓi wanda ya ga dama, ya ce ka kwafe shi, ka kuma fassara ma'anarsa. Shi ne mai tambaya, shi ne alƙali, ba ɗaukaka ƙara. In Bature ne ya zo, ko da ƙyar ya ke haɗa baƙi, ya ci. In baƙi ne, ko malamin makaranta ne, ya faɗi. Ta haka ne, a 1964, cikin kowane baƙaƙe 100 da suka isa zaɓe a Misisipi, ba su kai 7 ba waɗanda ke da rajista.

To, wa ya fara rushe wannan katanga? Ba daga fadar shugaban ƙasa aka fara ba. A farkon 1957, a wani tsibiri da a ke kira Johns, cikin jihar Karolina ta Kudu, wani mai motar haya, Esau Jenkins, da wata malama, Septima Clark, wadda aka kora daga koyarwa a 1956 don ta ƙi fita daga ƙungiyar neman hakkin baƙaƙe, suka buɗe ajin dare na manya a ɗakin bayan wani kanti. Mutum 14 suka fara. Malamarsu, Bernice Robinson, sana'arta gyaran gashi ce, an kuwa zaɓe ta ne da gangan, domin ba ta cin albashin Bature, balle a tsorata ta da kora. Ta koya musu rubuta sunansu, da karanta wasiƙar 'ya'yansu, da cika takardar aika kuɗi ta gidan waya, sa'an nan ta kai su ga dokar da a ke tambaya a ofishin rajista. Daga 1961 ƙungiyar Martin Luther King ta karɓi wannan aiki, ya bazu ko'ina cikin Kudu. Sunan waɗannan mutane ba ya cikin bakin masu yabon shugabanni, alhali kuwa su ne suka yi sharar gonar.

Ga kuma Fannie Lou Hamer, manomiyar auduga a Misisipi. A watan Agusta 1962 ta tafi garin Indianola neman rajista. Aka kayar da ita a jarrabawar, kuma da ta komo, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gonarsa. Ta bar gonar. Ta koma ofishin har ta ci a 1963, a shekarar nan kuma aka kama ta, aka yi mata dūka a kurkukun Winona, dūkan da bai bar jikinta ba har ta mutu. A 1964 ta tsaya gaban kwamitin babban taron jam'iyyar Dimokurat tana ba da wannan labari, ana nuna ta a telebijin. Me Shugaba Johnson ya yi? Sai ya kira 'yan jarida nan take, don a kawar da na'ura daga kanta a koma kansa. Wannan shi ne mai rahamar da a ke faɗi.

Kennedy fa? Sa'ad da ya ke neman zaɓe a 1960, ya ce da sa hannu ɗaya shugaba zai iya hana wariya cikin gidajen da gwamnati ke taimaka wa gininsu. Ya hau mulki a Janairu 1961, bai sa hannun ba sai Nuwamba 1962, har mutane suka riƙa aika masa da alƙalami ta gidan waya, ko nasa ne ya ɓata. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne kunyar duniya. Lokacin nan Amurka na tseren neman abokai da Rasha, ƙasashen Afirka kuwa suna samun mulkin kai bi da bi, suna aika jakadu. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, ya tsaya shan kofi a wani gidan abinci kan hanyar da ta ratsa jihar Maryland, aka ƙi sayar masa don shi baƙi ne. A watan Mayu 1963 kuma, da aka saki karnuka da ruwan famfon kashe gobara a kan yara 'yan makaranta a Birmingham, hotunan suka game duniya daidai lokacin da shugabannin Afirka ke taro a Adis Ababa, har Milton Obote na Uganda ya rubuta wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sai bayan wannan, ran 11 ga Yuni, ya fito ya nemi majalisa ta yi doka. Cikin daren nan, jim kaɗan bayan tsakar dare, aka harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa.

Kada a ce mun tauye Johnson. Ya san majalisa kamar yunwar cikinsa, kuma in ba don ƙwarewarsa ba, da dokar 1964 wadda ta hana wariya a otel da gidan abinci da wurin aiki ta sha wuya fiye da yadda ta sha. Mun yarda da wannan. Amma a ƙarshen shekarar nan, da King ya roƙe shi dokar zaɓe, cewa ya yi a dakata, lokaci bai yi ba. Mutanen Selma, a jihar Alabama, su ne suka ƙi dakatawa. A gundumarsu baƙaƙe kimanin 15,000 sun isa zaɓe, masu rajista kuwa wajen 300 ne kurum. A watan Fabrairu 1965 ɗan sanda ya harbe wani saurayi, Jimmie Lee Jackson, fada ba ta motsa ba. Ran 7 ga Maris mutum wajen 600 suka hau gadar garin za su tafi Montgomery da ƙafa, aka auka musu da dawakai da kulake da hayaƙi mai sa hawaye.

A nan mai karatu ya lura da kwanan wata. Kashegari, ran 8 ga Maris, sojan ruwa na Amurka 3,500 suka sauka a Da Nang ta ƙasar Biyetnam, wai za su tsare wa mutanen can 'yanci. Gwamnatin da ke iya tura soja hayin babban teku cikin sunan 'yanci, ta rasa wanda za ta tsayar kan gada guda cikin ƙasarta. Sai da aka kashe wani limamin coci Bature, James Reeb, cikin makon nan, sa'an nan Johnson ya je majalisa ran 15 ga Maris. Ran 6 ga Agusta 1965 ya sa hannu a dokar da ta dakatar da jarrabawar karatu a waɗannan jihohi, ta kuma ba gwamnatin tarayya ikon aika nata akawunan rajista.

Dokar ta yi aiki, ba musu. Kafin ƙarshen 1967 baƙaƙen Misisipi masu rajista sun kusa 60 cikin 100. Amma wannan ma shaida ce a kan gwamnati, domin ya nuna abin da ya gagara shekara 95 bai fi aikin shekara biyu ba, da an so. Kuɗin da aka yi alkawarin yaƙar talauci da shi kuwa, yaƙin Biyetnam ya riƙa lashewa, har sojan Amurka a can suka haura 500,000 a 1968. Da King ya fito ya soki yaƙin a watan Afrilu 1967, zumuncinsa da fadar Johnson ya yanke, manyan jaridun da ke yabonsa jiya suka juya masa baya. Shekara guda cif bayan wannan jawabi aka harbe shi a Memphis.

A taron 1964 ɗin nan, manyan jam'iyya sun yi wa Fannie Lou Hamer da mutanenta tayin kujera biyu tak, sauran kujerun Misisipi duka na Turawa. Suka ƙi karɓa, suka koma gida suka ci gaba da kai mutane rajista. A taron 1968 a Chicago, aka ƙi wakilan Turawan, ita ta zauna cikin wakilan jiharta.