Mai Doguwar Tafiya A Keke, Gyara Sirdinka

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayar da sanarwar janye tallafin man fetur, jama'a da dama suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe jingine a zaure. Malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye da lebura, duk an koma wa dokin ƙarfe. To, amma duk mai cin kilomita 20 ko 30 a rana ya san ba ƙafa ke fara kuka ba, mazaunai ne. Batun da za mu duba ke nan a wannan mako.

Abu na farko shi ne tsayin sirdi. Ka hau, ka dafa bango, ka ɗora diddigenka a kan feda sa'ad da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak, tsayin ya yi daidai, domin in ka koma taka feda da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwon gwiwa. Wanda ya yi sama kuwa yakan sa ƙugu ya riƙa karkata dama da hagu, cinya na goga, har fata ta saluɓe. Aikin sifana ne na minti biyar.

Na biyu, sirdi ya kwanta daidai. In bakinsa ya ɗaga sama, sai ya danne jijiyoyin da ke tsakanin cinyoyi, wurin ya mutu murus. In ya sunkuya ƙasa, sai mahayi ya yi ta zamewa gaba, nauyinsa ya koma kan hannu da kafaɗa.

Sa'an nan akwai kuskuren da aka saba yi, wato naɗa wa sirdi tulin soso da tsumma. Ƙasusuwa biyu na mazaunai su ne aka halitta don ɗaukar nauyin mai zama. Idan soso ya yi yawa sai su nutse, abin da ya taso a tsakiya ya matse wurin da bai kamata ba. Shi ya sa masu tseren keke na Faransa, wanda aka fara a 1903, suke shafe mako uku a kan sirdi mai tauri, suna kuma sanye da gajeren wando mai shimfiɗa a ciki.

Gumi ma abokin gaba ne. Wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, in ya jiƙe, shi ke haifar da ƙuraje da maruru. A shafa ɗan basilin kafin a tashi, a yi wanka a sauya tufa da zarar an sauka. A kan hanya kuma, bayan kowane minti 10 ko 15, a miƙe tsaye kan feda na ɗan lokaci don jini ya zagaya.

Wanda ya daɗe bai hau ba, kada ya fara da nisa. Sannu ba ta hana zuwa. Amma idan mutuwar jikin nan ta kwana ba ta sake ba, ko maruru ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon sukari, to a ajiye kunya a ga likita. Magidancin da keke ke kai shi wurin neman abinci, kwana bakwai a kwance ba ƙaramar asara ba ce ga iyalinsa.

Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.