An binne kamfanin ADC, an haɗa da tarihinsa

Wanda ya saba shiga mota daga tashar Dutsin-Ma zuwa Katsina ya san yadda ake zaɓen direba. Fasinja yakan leƙa tayoyi, ya tambayi ɗan kamasho ko motar wa ce ke kan layi, kuma in aka ambaci sunan wanda ya taɓa zubar da mutane kusa da Kurfi saboda gudu, sai ya koma gefe ya jira ta gaba. Babu takarda, amma kowace mota tana yawo da tarihinta a bakin jama'a. Mutumin nan, malamin Jami'ar Tarayya ne ko ɗan kasuwa, shi ne zai sayi tikitin jirgi ta waya daga Katsina ko Kano zuwa Abuja, bai san komai game da kamfanin ba sai farashi da lokacin tashi. Wannan jahilci ba laifinsa ba ne. An gina shi ne, kuma tarihin kamfanin ADC ya nuna yadda aka gina shi.

Tsofaffin matuƙan Nigeria Airways ne suka kafa ADC a 1984, ya fara jigilar fasinja a 1991, hedkwatarsa tana Legas. Cikin shekaru kaɗan ya yi suna a matsayin kamfanin ƙwararru, tunda masu shi matuƙa ne. Sai dai ga abin da ya biyo baya. A watan Agustan 1994 jirginsa ƙirar DC-9 ya zarce titin sauka a Monrobiya ta Laberiya ya ƙone, mutanen ciki suka tsira. A Yulin 1995 wani DC-9 ɗin ya sake lalacewa wajen sauka a birnin. Ranar 7 ga Nuwamba 1996 Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa kusa da Ejinrin, a gabashin Legas, mutum 144 da ke ciki suka mutu, har da fitaccen masanin siyasa Farfesa Claude Ake. A Yulin 1997 wani jirgin ƙirar BAC 1-11 ya zarce titi a Kalaba.

Adalci ne a faɗi cewa bincike ya ɗora babban kason hatsarin 1996 a kan masu ba da hannu daga ƙasa, waɗanda suka bar jirage biyu suka kusanci juna, har matuƙin ADC ya karkata da ƙarfi don kauce wa karo, jirgin ya kuɓuce masa. To amma ƙaramin kamfani ya yi asarar jirage huɗu cikin shekara uku. A tashar mota, direban da ya yi haka ba zai sake samun lodi ba. A filin jirgi kuwa ADC ya ci gaba da sayar da tikiti shekara tara, kuma babu wata hanya mai sauƙi da fasinja zai bi ya ga wannan jeri a wuri guda.

Ranar Lahadi, 29 ga Oktoba 2006, Boeing 737 na kamfanin ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105, hadari na haɗuwa. Bai yi nisa ba ya faɗi cikin gona a Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, cikinsu da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan Sakkwato.

Abin da ya kayar da jirgin shi ne juyin iska na ba-zata. Jirgi yana samun ɗagowa ne daga iskar da ke ratsa fukafukansa. A ƙarƙashin hadari iska takan zubo ƙasa ta watsu, sai wadda ke fuskantar jirgi ta koma bayansa cikin daƙiƙoƙi, ɗagowar ta ragu a daidai lokacin da yake kusa da ƙasa. Ba sabon abu ba ne. Hatsarin jirgin Delta a Dallas ta Amurka a 1985 ya sa duniya ta tsara yadda ake horar da matuƙa su kuɓuta daga gare shi, kuma dokar farko ita ce a jira hadarin ya wuce.

Ministan sufurin sama na lokacin, Babalola Borishade, bai jira bincike ba ya ɗora laifi a kan matuƙin. Mamaci ba ya kare kansa, don haka zargin ya yi wa kowa daɗi. Rahoton masu bincike ya tabbatar cewa matuƙan sun tashi cikin mugun yanayi kuma ba su bi ƙa'idar kuɓuta daidai ba. Amma bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa na'urar da aka yi musu atisaye a kanta ba ta dace da wannan horo ba, kuma kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar aiki cikin mugun yanayi. Waɗannan ba kurakuran minti ɗaya ba ne. Giɓi ne na shekaru, a ofishin kamfani da kuma ofishin hukumar da aikinta ke nan ta duba shi.

Nan ne ake jawo maganar ƙaddara. Babu mai musun cewa kowane rai yana da wa'adinsa, kuma wannan imani shi ke riƙe zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma kalmar da ke warkarwa a bakin maraya, a bakin jami'in da ya sa hannu a takardar izini mafaka ce. Alƙali ba ya sallamar direban da ya fita da mota ba birki don an ce kwanan mamatan ne ya ƙare. Bahaushe da kansa ya ce rigakafi ya fi magani.

Masu kare tsarin za su ce an gyara, kuma suna da hujja. Bayan Bellview a Oktoban 2005 da ya ci mutum 117, da Sosoliso a Disamba da ya ci 108, da ADC, wato rayuka 321 cikin shekara guda da 'yan kwanaki, an yi sabuwar dokar sufurin sama a 2006, hukumar binciken hatsari ta samu cin gashin kai, aka ɗaga jarin da ake bukata. ADC da Sosoliso da Albarka suna cikin waɗanda suka kasa cika sharaɗin a ƙarshen Afrilun 2007. A 2010 Amurka ta sa Najeriya a sahun farko na ƙasashen da ta amince da tsarinsu. Duk gaskiya ne. Sai dai an fitar da ADC daga fage ne a kan ƙarancin jari, ba a kan wani hukunci da aka yanke a bainar jama'a game da tarihinsa ba. Rahoton Bellview bai fito ba sai 2013, bayan jirgin Dana ya riga ya faɗi a Legas a Yunin 2012. Darasin da ya iso bayan shekara bakwai ta'aziyya ce kawai.

Mutanen Kano sun ga irin wannan. Jirgin EAS ya faɗa kan gidajen Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, ya kashe fiye da mutum ɗari, har da waɗanda ke zaune a gidajensu ba su taɓa sayen tikiti ba. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya narke cikin Nicon Airways, sunan ya ɓace, tarihin ya bi shi.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Hukumar NCAA ta buɗe rajista guda da kowa zai iya karantawa, da ke jera hatsari da dakatarwa da tarar kowane kamfani, rayayye ko matacce, tare da sunayen daraktocinsa, don kada tarihi ya mutu da sauya fenti. Hukumar bincike ta NSIB ta riƙa fitar da taƙaitaccen rahotonta da Hausa, ta faɗi wace shawara aka aiwatar, wace aka yi watsi da ita. Hukumomin alhazai su bayyana tarihin kamfanin da aka ba jigilar maniyyata kafin a karɓi kuɗin kujera. Jami'a irin ta Dutsin-Ma, da ke biyan tikitin ma'aikatanta, tana da ikon tambayar wannan tun yau.

Rashin tsaro ya kori mutane da yawa daga hanya zuwa sama, musamman bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. Wanda ya biya kuɗi masu yawa don gudun daji ya cancanci, aƙalla, sanin da ɗan kamasho ke ba shi kyauta a tasha.